Wane maki ya dace da Zamanin Tagulla na mujallun jaruman Amurka, 1970 zuwa 1985?

Tambaya: Wani mai karatu da ya san jaruman Marvel da DC ta hanyar finafinai ya rubuto yana cewa ya sha jin ana yabon mujallun zane na shekarun 1970 zuwa 1985, waɗanda ake kira Zamanin Tagulla, amma da ya samu wasu ya karanta sai ya tarar surutu ya yi yawa, launi bai burge shi ba, labaran kuma ba su kai yadda ake zuzuta su ba. Yana so ya san ko yabon na da tushe ko kuwa begen ƙuruciya ne kawai ke damun dattawa, sannan idan za a ba zamanin maki, nawa ya cancanta.

Amsa: Malam, abin da idonka ya gani gaskiya ne, kuma yabon da kunnenka ya ji shi ma ba ƙarya ba ne. Saɓanin ya samo asali ne daga yadda masu yabo ke tuna fitattun labarai goma ko ashirin, alhali kai ka ɗauko daga cikin dubban fitowar da aka buga a shekaru goma sha biyar, waɗanda mafi yawansu an yi su ne cikin gaggawa don kada wata ya wuce ba a kai kaya kasuwa ba. Su kansu sunayen nan na Zinariya da Azurfa da Tagulla masu tara tsofaffin mujallu ne suka raɗa su, kuma jerin shekaru suke nunawa, ba darajar rubutu ba. Zamanin Zinariya ya fara da bayyanar Superman a 1938, na Azurfa ya fara da sabunta Flash a 1956, shi kuwa na Tagulla ba a taɓa yin ittifaƙi kan ranar da ya fara ba. An fi zaɓar 1970 domin a shekarar ne Jack Kirby, wanda shi da Stan Lee suka gina mafi yawan jaruman Marvel, ya bar kamfanin ya koma DC, a shekarar ne kuma Mort Weisinger ya ajiye aikin editan mujallun Superman bayan ya daɗe yana juya su yadda ya ga dama.

Kafin a yanke wa zamanin hukunci, wajibi ne a san halin da kasuwar take ciki, domin shi ne ya haifar da kyawunsa da muninsa gaba ɗaya. A lokacin ana sayar da mujallun ne a wurin masu sayar da jaridu da ƙananan kantunan unguwa, kuma duk kwafin da bai shiga ba asararsa a kan kamfani take. Ribar da mai kanti ke samu a mujallar senti 15 ba ta taka kara ta karya ba, saboda haka da yawa suka daina ajiye ta. Farashi ya riƙa hawa har ya kai senti 40 a 1979 da senti 60 a farkon shekarun 1980, yayin da shafukan labari suka ragu zuwa 17 a tsakiyar zamanin, sauran duk talla. A 1978 DC ta soke mujallu fiye da ashirin kusan a lokaci guda. A Marvel kuwa, tsakanin 1972 da Stan Lee ya bar kujerar babban edita da 1978 da Jim Shooter ya hau ta, mutum biyar suka zauna a kanta: Roy Thomas, Len Wein, Marv Wolfman, Gerry Conway da Archie Goodwin. Mutanen da suka yi aiki a kamfanin a lokacin sun sha faɗa cewa cinikin mujallar Star Wars ta 1977 ne ya fitar da shi daga ramin da yake shirin faɗawa.

To, wani hani ga Allah baiwa ne. Da yake babu mai sa ido sosai, kuma ana ganin sana'ar ta kusa mutuwa, sai aka bar samari 'yan shekara ashirin da ɗoriya, waɗanda suka tashi suna karanta waɗannan mujallu tun suna yara, su yi abin da suke so da jaruman da ba a damu da su ba. Kusan duk abin kirki da zamanin ya bari daga irin wannan sakaci ya fito.

Abin da aka fi ambata idan ana yabon zamanin shi ne shigar matsalolin al'umma cikin labaran, kuma a nan ne nake da ja. Tun 1954, bayan wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna kan zargin cewa mujallun zane na lalata tarbiyyar yara, kamfanonin suka kafa wa kansu hukumar tacewa wadda ke buga hatiminta a bangon kowace fitowa, kuma 'yan kasuwa da yawa ba sa karɓar wadda babu hatimin. A 1971 ma'aikatar lafiya da ilimi ta Amurka ta roƙi Stan Lee ya rubuta labarin da zai ja kunnen matasa kan miyagun ƙwayoyi. Hukumar ta ƙi amincewa da labarin, Marvel kuma ta buga shi haka nan a fitowa ta 96 zuwa 98 ta Amazing Spider-Man ba tare da hatimi ba, kuma ya sayu. A wannan shekarar aka sassauta dokokin, har DC ta samu damar nuna Speedy, yaron Green Arrow, yana yi wa kansa allurar hiroyin a bangon mujalla. Wannan yana cikin jerin da Dennis O'Neil ya rubuta Neal Adams ya zana tun daga fitowa ta 76 ta Green Lantern a 1970, inda a shafukan farko wani dattijo baƙar fata ya tare jarumin yana tuhumarsa da cewa ya yi wa halittun wasu duniyoyi masu fata kala-kala hidima amma bai taɓa waiwayar baƙaƙen ƙasarsa ba. Shafin yana da nauyi a tarihi, ban musa ba. Sai dai idan ka karanta jerin gaba ɗaya yau, za ka ga wa'azi ya rinjayi labari: Green Arrow yana ta huɗuba, Green Lantern yana ta sunkuyar da kai, kowace fitowa da matsalarta, daga wariyar launin fata zuwa gurɓatar muhalli, a warware ta da naushi a shafi na ƙarshe. Jaridu sun yaba, masu saye ba su biyo ba, aka dakatar da mujallar a 1972. Abin da bai tsufa ba a cikinta shi ne zanen Adams, wanda ya kawo fuskoki da jikkuna masu kama da na mutanen gaske.

Wanda ya fi iya sarrafa siyasa a ganina shi ne Steve Englehart a Captain America na 1974, lokacin da abin kunyar Watergate ke cin gwamnatin Nixon. Jarumin ya bi sawun wata ƙungiyar asiri har cikin Fadar White House, ya tarar shugabanta wani babban jami'in gwamnati ne da ba a nuna fuskarsa ba, amma kowane mai karatu ya gane wa ake nufi. Abin da ya biyo baya shi ne ya ba labarin daraja: mutumin da kayansa tutar ƙasa ce ya cire kayan, ya koma amfani da sunan Nomad na ɗan lokaci. A nan matsalar ta taso ne daga cikin halin jarumin, ba ɗora masa ita aka yi daga waje ba.

Amma idan ka tambaye ni ainihin gadon da zamanin ya bari, zan ce abu biyu ne da ke tafiya tare: labari mai dogon zango, da kuma yarda cewa abin da ya faru ya faru. A Zamanin Azurfa, musamman a DC, kowace fitowa takan mayar da komai inda ta same shi. A 1973 Gerry Conway, yana ɗan shekara 20, ya rubuta fitowa ta 121 ta Amazing Spider-Man, inda Green Goblin ya jefo Gwen Stacy, budurwar Spider-Man, daga kan gada. Spider-Man ya harba zarensa ya cafke ta, amma ya jawo ta a mace, kuma an sa wata 'yar ƙaramar alamar ƙara kusa da wuyanta wadda ke nuna cewa wataƙila cetonsa ne ya karya ta. Jarumi ya kasa, kuma a wata mai zuwa budurwar ba ta dawo ba. Daga ranar mai karatu ya daina samun tabbacin cewa komai zai daidaita. Ba zan ɓoye ba cewa wannan labari ya buɗe wata mummunar hanya da marubutan baya suka bi har suka gundure mutane, wato kashe mace don kawai a ba namiji dalilin fushi, amma laifin masu kwaikwayo ba ya goge ƙarfin na farko.

A wannan shekarar ce kuma Don McGregor, wanda aikinsa a Marvel duba kurakuran rubutu ne, ya yi ƙorafi cewa mujallar Jungle Action ba abin da take yi sai sake buga tsofaffin labaran Turawa masu ceton 'yan Afirka a daji. Sai aka ce to ya karɓa ya rubuta Black Panther a cikinta. Abin da ya fito, daga fitowa ta 6 zuwa ta 18, tsakanin 1973 da 1975, labari ɗaya ne mai babi goma sha uku, wanda ya gudana a Wakanda, kusan duk mutanen cikinsa baƙaƙe, kuma jigonsa tawaye ne da abin da yaƙin basasa ke yi wa talakan ƙauye da sarkin da ya daɗe ba ya gida. A nan aka ƙirƙiro Killmonger, wanda ka gani a fim ɗin 2018. Billy Graham, ɗaya daga cikin baƙaƙen masu zane ƙalilan da ke aiki a manyan kamfanonin a lokacin, shi ya zana babi da dama. McGregor yana da yawan magana har wani lokaci rubutu kan danne zane, kuma Afirkar da ke cikin labarin ta tunanin mutumin Amurka ce, har da dabbobin da suka ƙare a duniya tun kafin ɗan Adam. Duk da haka ya tabbatar da cewa mujallar da ke fita sau ɗaya a wata biyu tana iya ɗaukar nauyin labari mai tsawon littafi.

Wanda ya kai wannan salo ƙololuwa shi ne Chris Claremont. X-Men ta kasa ciniki har an daina rubuta mata sababbin labarai a 1970, sai maimaita tsofaffi. A 1975 Len Wein da Dave Cockrum suka sake gina ƙungiyar da mutane daga ƙasashe daban-daban: Nightcrawler daga Jamus, Colossus daga Tarayyar Sobiyet, Wolverine daga Kanada, da Storm wadda aka samo a Kenya. Claremont ya karɓi rubutun a wannan shekarar bai sauka ba sai 1991. Dabararsa ita ce shuka ƙaramin abu yau ya girbe shi bayan shekara biyu ko uku, tare da ba jarumai lokacin zama su yi hira, su yi faɗa, su yi soyayya, ta yadda idan masifa ta zo mai karatu ya riga ya san su kamar maƙwabtansa. Labarin Dark Phoenix na 1980, wanda ya yi tare da John Byrne, ya yi tasiri ne saboda an shafe shekaru ana kallon ƙarfin Jean Grey yana ƙaruwa. Da ta haɗiye wani tauraro ta hallaka duniyar da ke kewaya shi da biliyoyin rayuka, marubutan sun shirya a raba ta da ƙarfinta kawai ta ci gaba da rayuwa, amma Shooter ya ce wanda ya yi irin wannan kisa ba zai tafi salin alin ba. Aka sauya ƙarshen, ta mutu a fitowa ta 137. Wannan na cikin lokuta ƙalilan da katsalandan ɗin edita ya gyara labari maimakon ya ɓata shi.

Kusa da ƙarshen zamanin aka samu Frank Miller a Daredevil, mujallar da ita ma ke fita sau ɗaya a wata biyu saboda rashin kasuwa. Ya fara da zane a 1979, ya haɗa da rubutu daga fitowa ta 168, inda ya gabatar da Elektra, ya kashe ta a ta 181 a 1982. Miller ya rage kalmomi, ya bar inuwa da jeren hotuna su yi magana, kuma idan kana neman abin da zai fi kwanta wa mai karatun yau daga wancan lokaci, shi ne. A gefe guda akwai labarin shaye-shayen Tony Stark na 1979, da mutuwar Captain Marvel ta 1982 da Jim Starlin ya rubuta, inda jarumin da ya yi yaƙi a sararin samaniya ya mutu a kan gado da ciwon daji, abokansa masu ƙarfi da ilimi suna tsaye ba abin da suka iya yi.

Batun baƙaƙen jarumai da mata yana buƙatar a auna shi da adalci. Luke Cage ya samu mujallarsa a 1972, John Stewart ya sa zoben Green Lantern, Blade ya bayyana a 1973, Black Lightning a 1977, Cyborg a 1980. Ci gaba ne idan aka kwatanta da shekarun baya, amma kusan duk marubutan Turawa ne, kuma harshen da aka sa a bakin Cage kwaikwayon finafinan baƙaƙe na lokacin ne da ba ya kama da maganar kowa. Storm, wadda daga baya ta zama shugabar X-Men kuma ɗaya daga cikin mafi kyawun halittun zamanin, an fara nuna ta ne mutanen karkara na bauta mata a matsayin allahiyar ruwan sama, wanda tsohon kallon raini ne da Turawa ke yi wa Afirka. Shang-Chi kuwa an haɗa shi da Fu Manchu a matsayin uba, wato tsohon hoton mugun Basine. Abin da aka yi wa Ms. Marvel a fitowa ta 200 ta Avengers a 1980, inda wani ya juya mata hankali ya yi mata ciki, abokan aikinta kuma suka bar ta ta bi shi, ya munana har sai da Claremont ya rubuta wani labari a shekara mai zuwa inda ta tsaya ta wanke abokan aikinta tas. A cikin abubuwan da suka yi kyau ba zato akwai babbar fitowar 1978 da Superman ya dambata da Muhammad Ali a ƙarƙashin jar rana, inda ƙarfinsa ba ya aiki, Ali kuma ya lakaɗa masa duka. Kafin ta fito Ali ya riga ya rasa kambunsa a hannun Leon Spinks, ya kuma ƙwato shi a watan Satumban shekarar.

Wani abin da ya shafe mu kai tsaye: a tsakiyar shekarun 1970 an riƙa buga wata mujalla mai suna Powerman don kasuwar Najeriya, da baƙin jarumi, kuma masu zanenta matasa ne biyu daga Ingila, Dave Gibbons da Brian Bolland. Gibbons ɗin nan shi ne ya zana Watchmen a 1986, ɗaya daga cikin ayyukan da ake ɗauka a matsayin waɗanda suka rufe Zamanin Tagulla.

Ta fuskar haƙƙin ma'aikata, zamanin ya fara da zalunci ya ƙare da ɗan sauƙi. Jerry Siegel da Joe Shuster, waɗanda suka sayar da Superman kan dala 130 a 1938, suna cikin talauci lokacin da ake shirin fim ɗinsa, sai da Neal Adams da Jerry Robinson suka tayar da ƙura a kafafen watsa labarai kafin a 1975 a yanka musu dala 20,000 kowace shekara tare da mayar da sunayensu a kan aikin. A farkon shekarun 1980 kamfanonin biyu suka fara ba marubuta da masu zane kaso idan ciniki ya haura wani adadi. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne tsarin da Phil Seuling ya ɓullo da shi tun farkon shekarun 1970, na kai mujallu kai tsaye shagunan da ba sa sayar da komai sai su, a farashi mai rahusa amma ba a mayar da kwantai. Tsarin ya ceci sana'ar, sai dai ya raba ta da yaron da ke wucewa ya ga bango mai kyau ya saya. Masu karatu suka koma manya masu tarawa, kamfanoni kuma suka gano cewa irin waɗannan za su sayi duk abin da aka ce musu babban al'amari ne. Secret Wars na 1984, wanda aka shirya tare da kamfanin kayan wasan yara na Mattel, shi ne farkon wannan ciwo, labari ne marar zurfi da ya yi ciniki sosai.

Game da ƙorafinka biyu: yawan surutun yana da dalili. Ana ɗauka cewa kowace fitowa tana iya zama ta farko ga wani yaro, saboda haka dole jarumi ya sake bayyana sunansa da ƙarfinsa da abin da ya faru a watan jiya, sau da yawa a tsakiyar faɗa. Wanda ke karanta fitowa ashirin a zama ɗaya zai gaji da wannan, domin ba don a karanta su haka aka rubuta su ba. A Marvel kuma mai zane kan zana shafuka daga taƙaitaccen bayani, marubuci ya zo daga baya ya cusa magana, wani lokaci don ya toshe abin da zanen bai nuna ba. Launi kuwa, ana aiki ne da launuka 64 kacal a kan takardar jarida mai shan tawada. Masu sa launi sun san takardar za ta dusashe shi, sai suka zaɓi mai ƙarfi. Idan aka sake buga wannan launin a farar takarda mai sheƙi ko a fuskar waya, sai ya yi kau fiye da yadda aka nufa.

Makin da zan bayar kashi biyu ne. Fitattun ayyukan, wato X-Men daga 1977 zuwa 1981, Daredevil na Miller, Black Panther na McGregor, Batman na O'Neil da Adams wanda ya dawo da jarumin cikin duhu bayan wasan barkwancin talabijin na shekarun 1960, da Swamp Thing na Alan Moore daga 1984, ina ba su 9 cikin 10. Matsakaiciyar fitowar da za ka zaro da ka daga tarin zamanin, mai cike da maimaici, da labaran cike gurbi da ake sakawa idan marubuci ya makara, da mugayen da ba a sake tunawa da su ba, ba ta wuce 5 ba, kuma Superman da Justice League na mafi yawan shekarun 1970 a nan suke. Idan aka haɗa, zamanin ya ci 7. Ina sa shi ƙasa da shekarun 1961 zuwa 1969 wajen ƙirƙira, domin babu wanda ya sake zubo sababbin jarumai kamar yadda Kirby da Steve Ditko, mai zanen Spider-Man na farko, suka yi, amma ina sa shi sama da su wajen rubutu, kuma sama da farkon shekarun 1990 ta kowace fuska in ban da ingancin takarda.

Masu tarihi sukan rufe zamanin da Crisis on Infinite Earths na 1985 zuwa 1986, inda DC ta rushe duniyoyinta masu yawa ta mayar da su ɗaya. Ni a wurina ya ƙare ne a farkon 1986, lokacin da Marvel ta dawo da Jean Grey da rai don ta buɗe sabuwar mujallar X-Factor, aka ce wadda ta mutu a 1980 ba ita ba ce. Idan za ka sake gwadawa, ka fara da Daredevil daga fitowa ta 168, sannan X-Men daga ta 129 zuwa ta 142, kuma ka riƙa karanta ɗaya ko biyu a rana maimakon ka haɗiye su a dare guda.